Kwanan Watan da Bai Zo Ba

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, amma babu gidan da ake tarewa a sabuwar unguwar da ake ginawa a bayan gari sai da sa hannunsa. Shi ne mai gwajin kankare.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Ranar da za a zuba rufin bene, ko ginshiƙi, ko matattakala, mai gwaji yakan zo ya tsaya a bakin injin kwaɓi. Ya ɗebi kankaren da leburori ke ɗauka, wannan dai da za a zuba a ginin, ya cika wasu ƙananan mazubai na ƙarfe masu kusurwa huɗu. Ya daddanna, ya shafe saman. Kafin ya bushe sai ya ɗauki ƙusa ya rubuta kwanan watan ranar da lambar gidan. Washegari a cire dunƙulen, a jefa shi cikin ruwa, ya yi kwana ashirin da takwas. Sannan a sa shi a inji a matse shi har ya fashe. In ya jure nauyin da ake so, ginin zai jure. In ya murƙushe da wuri, sai a rushe abin da aka zuba a sake.

Aikin ke nan. Mazubi, ƙusa, da gaskiya.

Kullum ƙusar mutumin nan tana maƙale a bayan kunnensa, har leburori suka sa masa suna Mai Ƙusa.

Maraya ne. Kawunsa ne ya riƙe shi tun yana ɗan shekara shida, shi da matarsa wadda yaron yake kira Inna. Ba su da ɗa sai shi. Kawu malamin lissafi ne, kuma mutum ne da ba ya iya ganin rubutu ya wuce. Allon shago, takardar da aka ƙunso sabulu, lambar da ke gindin gwangwanin madara, duk sai ya tsaya ya karanta. Inna takan ce masa, "Malam, kai da za a yi rubutu a bayan kunkuru, har rafi za ka bi shi."

Ranar da Mai Ƙusa ya samu aiki, a tsakar gida ya zauna ya yi wa Kawu bayanin komai. Yadda ake ɗiba a ranar zubi, daga kwaɓin da ake zubawa. Yadda ake rubuta kwanan wata tun kankaren yana ɗanye. Kawu ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Wato kai ne mai duba jarrabawar gini."

"Kusan haka ne, Kawu."

"To ka ba da maki da gaskiya, ɗana. Ni shekara talatin ban taɓa ba yaro makin da bai ci ba."

Shekara biyu Mai Ƙusa yana aikinsa tsakani da Allah. Ya yi aure, ya haihu, ya kama hayar ɗan gida mai tsakar gida. Sai aka tura shi sabuwar unguwar nan.

Ɗan kwangilar da ke ginin mutum ne mai fara'a, mai ƙamshin turare. Duk abin da ka kawo masa amsarsa ɗaya ce, shi ya sa ake ce masa Ba Komai. Rodi bai iso ba, ba komai. Lebura ya faɗo, ba komai.

Wata rana dunƙule uku na ginshiƙan gida na biyu suka murƙushe tun inji bai kai rabin nauyi ba. Mai Ƙusa ya ɗauki takardar ya tafi ofishin Ba Komai. Aka ba shi kujera, aka kawo masa ruwan sanyi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sai an rushe."

Ba Komai ya yi dariya. "A rushe? An riga an ɗora bene a kai, ɗan'uwa. Ka san mutum nawa ke ciyar da iyali da aikin nan? Kuma gini ai ba da inji yake tsayawa ba, da ikon Allah yake tsayawa. Ba komai. Wataƙila dunƙulen ne bai yi kyau ba. Ka sake yin wani."

Ku duba, ya 'yan uwa, yadda ake ɗauko sunan Allah a lulluɓe ha'inci da shi.

Mai Ƙusa ya san ba a sake dunƙule bayan wata guda. Kankaren ranar ya riga ya tafi. Amma ya koma, ya kwaɓa sabo da siminti mai yawa, ya zuba, ya ciro ƙusar daga bayan kunnensa, ya rubuta kwanan watan da ya wuce. Sai da ya yi jinkiri a ranar. A karo na biyu bai yi ba.

Zunubi ba ya zuwa da girmansa. Da kaɗan yake shigowa, ya zauna, ya miƙe ƙafa.

Kafin shekara ta zagayo, Mai Ƙusa ya kwashe rabin mazuban zuwa gidansa. A bayan ɗakin girki ya ajiye tsohon duro ya cika shi da ruwa. Ba Komai yana aiko masa da siminti mai kyau, da wankakken yashi, da tsakuwa zaɓaɓɓiya, da wani abu a ambulan. Ranar hutu da hantsi sai ya shimfiɗa takardar tsarin aiki, ya ga ranakun da za a yi zubi a makonni masu zuwa, ya kwaɓa, ya zuba, ya rubuta wa kowane dunƙule ranarsa tun ba ta zo ba. In ranar ta zo sai ya je wurin aiki, ya cika mazubai a idon jama'a, in ya bar wurin ya juye su a kwata.

Matarsa ta taɓa tambayarsa, "Baban yara, aikin ofis har gida?"

Ya ce, "Aiki ya yi yawa."

Ta yarda. Har tausayinsa take ji.

To, a wurin gini fa? Da aka gane babu mai dubawa, komai ya saki. Buhun siminti ɗaya ya koma yin aikin biyu. Yashi mai ƙasa ake kawowa, ba a tankaɗewa. A yi ta ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin gudu. Rodin da ya kamata ya kai kaurin babban yatsa ya koma kamar ɗan ƙaramin yatsa. Katakon da ke tokare rufi, wanda ya kamata ya yi mako uku, a kwana biyar ake cire shi a kai gida na gaba.

Akwai wani tsohon magini a wurin, mai furfura, wanda siminti ya cinye masa tafin hannu. Ranar da ake zuba matattakalar gida na bakwai, ya ɗebo kwaɓin a cokalinsa ya miƙo.

"Mai Ƙusa, wannan ba kankare ba ne, ruwan wanki ne. Sa hannunka ka ji."

"Baba, ni da inji nake aiki, ba da hannu ba."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "To Allah ya ƙara wa injin naka lafiya." Ya juya ya ci gaba da aiki, don shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa.

Aka gama gidaje. Aka yi filasta, aka shafa fenti mai ruwan madara, aka sa tagogin gilashi, aka dasa furanni a bakin ƙofa. Wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce ma sha Allah. Wa ke ganin cikin ginshiƙi? Wa ke tambayar abin da ke bayan fenti?

Ana nan sai Kawu ya yi ritaya. Duk tsawon rayuwarsa a gidan haya ya yi ta. Wata ranar Asabar ya zo gidan Mai Ƙusa, shi da Inna, fuskarsa cike da murna, ya zaro takarda daga aljihu.

"Ɗana, mun yi gida. A unguwar taku. Gida na bakwai, hawa na uku."

Mai Ƙusa ya karɓi takardar, ya duba lambar gidan sau biyu.

Ya ce, "Kawu, hawa na uku? Ga gwiwar Inna."

Inna ta ce, "Kai, rabu da gwiwata. Iska nake so. Na gaji da shaƙar hayaƙin maƙwabta."

"Akwai wasu gidaje a can cikin gari. Sun fi kusa da asibiti."

Kawu ya yi dariya. "Wa ya gwada na cikin gari? Ban san shi ba. Wannan kuwa na tambaya, an nuna min takardun. Na ga sa hannunka da idona, da wannan jelar da kake ja a ƙarshe, wadda na hana ka tun kana aji uku ka ƙi ji. Na ce musu shi ke nan, ɗana ne ya gwada."

Ya 'yan uwa, a nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa. Kalma huɗu kacal ake nema: Kawu, kada ku shiga. Amma in ya faɗa, za a ce don me? In ya faɗi dalili, aiki ya tafi, suna ya tafi, kuma mutumin da ya rene shi zai san abin da ya rena. Ya auna ran mutum biyu da kunyar kansa.

Ya ce, "Allah ya sanya alheri."

Shi ya ɗauko musu mota ranar tarewa. Shi ya hau da katifarsu.

Wata takwas suka yi a gidan. Tun wata na uku ƙofar ɗaki ta fara ƙin rufuwa. Sai wata siririyar tsaga ta fito a bangon matattakala, ta fara hawa. Inna tana share wani farin gari da ke zubowa daga sama kullum safiya.

Ta ce masa, "Gidan nan naku kamar akwai mai tankaɗe a sama."

Ya ce, "Sabon gini ne, Inna. Zama yake yi."

Ya dawo da ɗan siminti a leda da ragowar fenti, ya cike tsagar, ya shafe. Ya san abin da yake yi. Ya rufe bakin da ke yi musu gargaɗi.

In ya zo gaishe su ba ya daɗewa. A matattakala yakan bi jikin bango, da sauri, yana riƙe numfashi. Kawu yakan ce, "Kai kullum kamar wanda aka biyo. Zauna ka sha shayi mana." Sai ya ce aiki. Ya sauko ya bar su a sama.

Damina ta zo. Aka kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu gari ya washe, Inna ta ce bari ta kai shanya ƙasa. Tana gaba da kwandon wanki a ka, Kawu yana biye da ita da bokiti. Suna kaiwa inda matattakala ke juyawa tsakanin hawa na uku da na biyu, wurin ya ɓalle daga bango. Maƙwabta suka ce ba wata babbar ƙara suka ji ba. Kamar an yar da buhu.

Inna ba ta kai asibiti ba. Kawu ya karye a cinya da ƙwauri.

Hukuma ta turo masu bincike. Suka nemi takardun gwaji, aka kawo. Kowane dunƙule ya ci jarrabawa, har da ƙari. Ba Komai ya zo da carbi a hannu, yana share ido, ya ce shi duk abin da ake bukata ya bayar, sai dai in magini ne ya karkatar da siminti ya kuma cire katako da wuri. Aka tambayi Mai Ƙusa.

Ya ce, "Ni dai abin da na gwada lafiya yake."

A ganinsa bai yi ƙarya ba. Aka kama tsohon magini, aka tafi da shi.

Da aka sallami Kawu, ba shi da inda za shi sai gidan ɗansa. Masu zuwa gaisuwa in suka fara zagin masu gini, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ban da ɗana. Shi ya yi nasa. Bayan idonsa aka ci amana."

Za ku ce yanzu kam Mai Ƙusa ya daina. Ina! Ba Komai ya kira shi ya ce akwai sabon aiki, bene mai hawa huɗu a wata unguwa, kuma in sakamako ya canja yanzu za a tambayi dalili. Mai Ƙusa ya ci gaba da kwaɓinsa a bayan ɗakin girki. Bango ɗaya ne tsakaninsa da gadon da Kawu ke kwance yana kiran sunan matarsa.

Likita ya ce a riƙa ɗaga ƙafar. Wata rana da yamma matar Mai Ƙusa ta fito da Kawu tsakar gida ya sha iska. Ta nemi abin da za ta ɗora masa ƙafa, kujerar ta yi tsayi, matashi ya yi laushi. Sai ta tuna da duro. Ta tsoma hannu ta ciro dunƙule ɗaya, ta goge shi da tsumma, ta kawo.

"Kawu, ga wannan. Na aikinsa ne, ya cika duro da su. Ba zai rasa ɗaya ba."

Ta koma girkinta. Kawu kuwa, kun san halinsa. Ya ga rubutu.

Da Mai Ƙusa ya dawo ya yi sallama, ya tarar da tsohon zaune, tabarau a hanci, dunƙulen a kan cinyarsa mai lafiya.

Kawu ya ce, "Ɗana, yau nawa ga wata?"

"Sha ɗaya, Kawu."

"Ka tabbata? Tun da na kwanta lissafi yake ɓace min."

"Sha ɗaya ne."

"To wannan ya ce sha tara."

Daga ɗakin girki ana jin ƙarar ludayi.

"Kai ka gaya min da bakinka, a ranar zubi ake ɗiba, daga kwaɓin da ake zubawa. Ko na manta ne?"

"Ba ka manta ba."

"Wato ka ba da maki kafin a zauna jarrabawar." Ya shafa rubutun da yatsa. "Na gida na bakwai fa? A ina ka zuba shi?"

Mai Ƙusa ya dubi bayan ɗakin girki.

"Ranar da na kawo maka takarda ina murna, ka sani?"

Ya durƙusa. "Kawu, ka yafe..."

"Tambayarka na yi. Ka sani?"

"Na sani."

Kawu ya cire tabarau ya naɗe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sau uku Innarka tana ce min, Malam, gidan nan ban yarda da shi ba. Na ce mata ta yi shiru, ɗana ne ya gwada. Ni na hana ta magana."

Da safe ya ce wa matar Mai Ƙusa ta samo masa mota, za shi wurin masu bincike. Ita ta riƙe shi har bakin titi, dunƙulen a ƙunshe cikin zanenta, tana kuka. Mai Ƙusa ya tare ƙofa yana roƙo. Kawu ya ce, "Matsa. Akwai wani tsoho a kulle saboda kai. Kuma ran sha tara akwai waɗanda za a zuba wa rufi." Mai Ƙusa ya matsa.

Masu bincike suka zo suka kwashe duron. Dunƙule ashirin da huɗu, duka suna ɗauke da ranakun da ba su zo ba. Suka koma unguwar da injin huda, suka ciro kankare daga cikin ginshiƙan. Wani da hannu ake murƙushe shi. Aka fitar da iyalai sama da arba'in daga gidajen da suka tara ƙarfinsu a kai, suka tsaya a titi da katifu da tukwane suna kallon fenti mai ruwan madara.

Aka saki tsohon magini. Ba Komai ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai san gwaji ba, sa hannun wa ke kan takarda? Kafin a gama shari'a ya ɓace. Allah ya san inda yake, kuma ba zai ɓace masa ba.

Mai Ƙusa ya yi shekara shida a gidan yari. Yana ciki Kawu ya rasu a gidan wani tsohon ɗalibinsa. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Amma har ya koma ga Allah bai sake cewa "ɗana" ba. Matar Mai Ƙusa ta koma wurin iyayenta da yaran.

Mai Ƙusa yana nan da rai. Ba ya iya shiga ƙarƙashin rufin kankare. In ya taka ƙofa sai gumi ya karyo masa, ya riƙa kallon sama, ya fito da baya. A masallaci sahun waje yake bi, ko ana rana ko ana ruwa. A ƙarƙashin wata rumfar buhu yake kwana. Mutumin da ya sa wa gidaje ɗari hannu.

Ya 'yan uwa, me ya kashe Inna? Ba ruwan sama ba ne. Ba tsufan gini ba ne, wata takwas ne kawai. Ƙusa ce, da hannun da ya riƙe ta.

Kada wani ya ce ni ba mai gwaji ba ne. Kai magini da ke rage siminti, kai mai waya da ke binne siririyar waya a bango don ka san filasta za ta rufe, kai mai famfo da ke haɗa bututu ba gam, kai ma'aikacin da ke buga hatimi daga ofis ba ka taka wurin ba, kai da ka gani ka yi shiru don kada a ce ka cika magana: wani zai kwanta a ƙarƙashin aikinka. Zai rufe ƙofa, ya kashe fitila, ya kwantar da 'ya'yansa, ya ce alhamdu lillahi mun yi gida. Bai san ka ba. Ya dai yarda da kai. Wannan ita ce amana, kuma za a tambaye ka ita.

In ka riga ka yi, ka faɗa yau, tun rufin yana sama. Kunyar yau tana da magani. Mutumin nan an ba shi wata takwas, kullum ƙofar a buɗe, ya ɗauko fenti.

Ya rubuta sha tara ga wata kamar shi ke da ita. Wa ya ba shi? Wa ya ba ni, wa ya ba ku? Akwai wata rana da aka rubuta wa kowannenmu, ba da ƙusarmu ba, kuma ba a nuna mana ita. A ranar za a matsa aikin kowa, na ainihi, ba wanda ya kwaɓa a bayan ɗaki don nunawa ba.

Ya Allah, ka ji ƙan waɗanda gini ya faɗa wa. Ka ba waɗanda aka raba da gidajensu mafaka. Ka sa abin da muka binne a bango ya zama daidai da abin da muka shafa a waje. Allah ya kiyaye mu da sa hannu a kan abin da ba mu gani ba, ya kiyaye mu da shirun da ke kashe wanda ya yarda da mu. Amin.